Ista: Me ya sa Kiristoci ba sa yanka dabba don neman gafarar zunubi?

A ƙasashen Ghana da Kamaru, Juma'ar da ke gabanin bikin Ista ranar hutu ce a hukumance. A Nijar, Chadi, Togo, Benin da Kodebuwa kuwa, Litinin ɗin da ke biye da bikin ce ake rufe ma'aikatu da bankuna. Hausawa mazauna unguwanni irin su Nima a birnin Accra ko Briqueterie a Yawunde sun saba ganin maƙwabtansu Kiristoci sun fito jerin gwano a ranar Juma'ar, ɗauke da gicciye na katako, suna tsayawa wuri-wuri suna durƙusawa.

Kiristoci na kiran wannan Juma'a ranar babbar hadaya. Sai dai wanda ya saba da layyar Babbar Sallah, wato Tabaski, ba zai ga rago ɗaure a ƙofar gida ba, ba zai kuma ga ana rabon nama ba. Dalili shi ne, a aƙidar Kiristoci an riga an miƙa hadayar sau ɗaya tak, kuma ita ce mutuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS). Naman ragon da wasu iyalai ke ci ranar Ista a Faransa ko Girka abincin biki ne kawai.

Mene ne zunubi a wurin Kirista?

Koyarwar coci ta ɗauki zunubi a matsayin abu biyu: laifukan da mutum ke aikatawa, da kuma wata karkata da aka haife shi da ita tun daga saɓon Adamu. Malamin da ya fi kowa kafa wannan fahimta a cocin Yamma ɗan Afirka ne, wato Augustine, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430 kuma ya yi bishop a garin Hippo, Annaba ta yau a Aljeriya. Cocin Otodoks na Gabas ya fi jaddada cewa mutuwa da rauni aka gada daga Adamu, amma laifin kowa nasa ne.

Duk da wannan bambanci, ɓangarorin sun haɗu a kan cewa ɗan Adam ba zai iya ɗinke ɓarakar da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa da ƙoƙarin kansa ba. Daga nan ne maganar hadaya ta taso.

Tushen yana cikin Attaura

Yesu da almajiransa na farko Yahudawa ne, kuma sun tashi ne a lokacin da ake yanka dabbobi kullum a Haikalin Urushalima, wato birnin Ƙudus. Abubuwa uku daga Tsohon Alkawari suka zama madubin da Kiristoci ke kallon mutuwarsa da shi.

Na farko shi ne Idin Ƙetarewa. Littafin Fitowa ya ba da labarin daren da Bani Isra'ila za su bar Masar, inda kowane gida ya yanka ɗan rago marar aibu ya shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta tsallake gidan. Sunan idin da Ibrananci shi ne Pesah, kuma daga gare shi Faransanci ya samo kalmar Pâques.

Na biyu shi ne Ranar Kafara, Yom Kippur, wadda aka bayyana a babi na 16 na Littafin Firistoci. Sau ɗaya a shekara, ranar goma ga wata na bakwai, babban firist kan kawo bunsuru biyu. Yakan yanka ɗaya ya shiga da jininsa Wuri Mafi Tsarki, inda ba wanda ke shiga sai shi. Ɗayan kuma sai ya ɗora masa hannu a ka, ya furta laifukan jama'a, a kora shi jeji ya tafi da su. Masu jin Faransanci sun san wannan bunsuru ko da ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, domin shi ne asalin bouc émissaire, wanda ake ɗora wa laifin da ba nasa ba. Kalmar kippur kuma ƴar'uwar kalmar Larabci kaffara ce, wadda Hausa ta ara.

Na uku shi ne labarin Ibrahim a babi na 22 na Littafin Farawa, inda aka fanshi ɗansa da rago. A nassin Yahudawa da Kiristoci ɗan shi ne Ishaku, yayin da mafi yawan malaman Musulunci suka tafi a kan Isma'ila ne. Kiristoci na karanta labarin a matsayin ishara cewa Allah da kansa ne ke tanadar abin fansa.

Sau ɗaya, ba maimaici

Linjilolin huɗu sun ruwaito cewa an gicciye Yesu a lokacin Idin Ƙetarewa, a zamanin gwamnan Romawa Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36 Miladiyya. A daren da ya gabata, ya ci abinci da almajiransa, ya ba su gurasa da ruwan inabi yana danganta su da jikinsa da jininsa. Linjilar Yohanna ta ba shi laƙabin Ɗan Ragon Allah. Kiristocin farko sun kuma ga siffarsa a babi na 53 na Littafin Ishaya, wanda ya yi maganar wani bawan Allah da ke shan wuya saboda laifin wasu.

Wasiƙar Ibraniyawa ce ta fi zurfafa bayani. Hujjarta ita ce, da jinin dabbobi yana kawar da zunubi gaba ɗaya, da ba a riƙa maimaita yankan kowace shekara ba. Ta gabatar da Yesu a matsayin babban firist kuma abin hadaya a lokaci guda, wanda ya miƙa kansa sau ɗaya ya rufe babin. Tun da Kiristoci sun gaskata cewa Yesu Allah ne da ya zama mutum, suna cewa Allah ne ya ɗauki nauyin da kansa. Tashinsa daga matattu a rana ta uku, wanda shi ne ainihin bikin Ista, shi ne a wurinsu shaidar cewa an karɓi hadayar.

A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe Haikalin, yankan hadaya na Yahudawa ya tsaya. Yau Yahudawa na raya Ranar Kafara da azumi da addu'a da tuba.

Wa aka biya fansar?

Coci bai taɓa tsayar da bayani guda na yadda mutuwar mutum ɗaya ke wanke laifin wasu ba. Wasu malaman ƙarnonin farko, irin su Origen na Iskandariya, sun ce fansa ce aka biya don ƙwato ɗan Adam daga hannun Shaiɗan. Gregory na Nazianzus ya ƙi wannan magana, yana ganin bai dace ɗan fashi ya karɓi lada ba. Abin da ya rage daga wannan fahimta shi ne kallon gicciye a matsayin nasara kan mutuwa da mugunta, kuma shi cocin Otodoks ya fi riƙewa.

Wajen 1098, Anselm, babban bishop na Canterbury a Ingila, ya kwatanta zunubi da bashi. Mutum ne ya ci bashin, don haka shi ya kamata ya biya, amma girmansa ya fi ƙarfin kowa sai Allah. Mai biya, in ji shi, dole ya zama Allah kuma mutum. Malamin Faransa Pierre Abélard, wanda ya rasu a 1142, ya karkata ga cewa gicciye nuni ne na ƙauna wadda ke narkar da zuciyar mai zunubi har ya tuba. Jean Calvin, Bafaranshen da ya yi koyarwa a Geneva a ƙarni na 16, ya yi amfani da harshen kotu: hukuncin da ya hau kan mai laifi ne Yesu ya ɗauka a madadinsa. Wannan bayani ne aka fi ji a wa'azin cocin bishara da na Fentikos a Afirka ta Yamma.

Yadda ake neman gafara a yau

A ɗariƙar Katolika, baftisma ce ke wanke zunubin gado. Laifukan da suka biyo baya kuma mai bi kan furta su a asirce gaban fada, wanda ke sanar da shi gafara da sunan Allah, ya ɗora masa addu'a ko wani aikin gyara. Tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma haramun ne fada ya fallasa abin da ya ji. Katolika na kiran sujadar Mass hadaya, amma taron Trent ya bayyana a 1562 cewa ita ce dai hadayar gicciye ake gabatarwa ba tare da zubar da jini ba.

Furotesta sun ɗauki wata hanya. Rikicin da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517 ya faro ne daga sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Matsayinsu shi ne gafara kyauta ce da ake samu ta bangaskiya, kuma mai bi na iya roƙon Allah kai tsaye. A ranar 31 ga Oktoban 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na cocin Luther suka sa hannu kan wata sanarwa da ta amince cewa ceto na zuwa ne ta alherin Allah, ayyuka nagari kuma ƴaƴansa ne.

Inda hanya ta rabu da Musulunci

Bambancin babba ne, kuma sanin sa na hana rashin fahimta. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Alƙur'ani ya nuna cewa Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kuma babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Layya ibada ce ta neman kusanci da tunawa da biyayyar Annabi Ibrahim, kaffara kuma aiki ne da mai laifi ke yi da kansa, kamar ciyar da miskinai goma ga wanda ya karya rantsuwa. Saboda haka idan Bahaushe Kirista, wanda ke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensa tun 1932, ya ce kafara, yana nufin abin da aka yi dominsa, Musulmi kuma yana nufin abin da shi zai yi.

Akwai wurin da addinan biyu suka yi kusa, wato haƙƙin mutane. Linjilar Matiyu ta umarci mai kawo baiko ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwan da ya ɓata wa. Ta kuma kawo misalin bawan da sarki ya yafe wa bashi mai ɗimbin yawa, shi kuwa ya shaƙe abokinsa kan ƴan kuɗi kaɗan, sai aka janye yafiyar.

An ga wannan koyarwa a aikace a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Lokacin da rikici ya ƙazanta a Bangui a watan Disamban 2013, babban bishop Dieudonné Nzapalainga ya sauki Imam Oumar Kobine Layama a gidansa na tsawon watanni. A ranar 29 ga Nuwamban 2015 Fafaroma Francis ya buɗe ƙofar shekarar jinƙai a babban cocin birnin, washegari kuma ya ziyarci babban masallacin unguwar PK5, inda Musulmin birnin suka fake.