INA TSOFAFFIN DAWAKIN SUKUWA KE ƘAREWA?

Abuja birni ne na mota da jirgin sama, amma ba ta rasa dawaki ba. A unguwar Asokoro akwai filin holo, watau ƙwallon dawaki, na rundunar sojan da ke tsaron shugaban ƙasa, inda manyan soja da attajirai ke karawa a kan dawakin da aka sayo da kuɗi masu nauyi, waɗansu daga Sudan da Chadi, waɗansu tun daga Ajantina. A bakin tafkin Jabi kuwa, ranar Asabar da Lahadi, samari na jan waɗansu dawakin na dabam suna ɗora yara da amare a ɗauke su hoto a biya ɗan abin da ya samu. Tsakanin wuraren nan biyu tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ga doki kuwa, irin wannan tafiya ita ce ta dukan rayuwarsa, kuma gangara ce.

Lissafin ba shi da wuya. Doki in ya sami kulawa yakan yi shekara 25 zuwa 30 a duniya. Amma ƙarfin gudunsa na tsere bai cika wuce shekara goma da haihuwa ba, galibi ma kafin nan ƙafa ta soma ciwo. Na holo yakan ɗan fi haka daɗewa a fage. To, ke nan dokin da ya gama cin kofi yana da sauran rabin ransa ko fiye a gaba, kuma cikinsa bai san an yi ritaya ba. Kullum sai dawa ko gero, da dusa, da harawa, da kanwa, ga ladan ɗan barga, ga kuɗin likita.

A nan ne ake soma sayarwa. Daga bargar tsere doki ya koma hannun mai son na hawan salla, wannan kuwa sa'a ce, don zai ci ya ƙoshi, a yi masa kilisa da yamma. In ya ƙara tsufa sai ya faɗa hannun 'yan haya, masu kai shi angwanci da wuraren shaƙatawa, a hau shi tun safe har magariba, sirdi ya ci masa baya. Daga nan sai kasuwa. Hausawa dai ba su cin naman doki, amma masu karatu na Kudu sun san ana lodin dawaki da jakuna a manyan motoci daga kasuwannin Arewa zuwa Gabas, kuma garin Obollo-Afor a Jihar Enugu ya yi suna da kasuwar dawaki da mahautarsu. Ranar da aka ɗora doki a kan motar nan ba mai tambayar kofi nawa ya ci. Nauyinsa ake dubawa.

Ba kuwa don an raina doki a ƙasar Hausa ba ne. Mutanen da suka ba kowane launi nasa suna, akawal da kili da bidi da danda da gunya da hurde, suka kuma yi sarautar Shamaki musamman don barga, ba za a ce ba su san darajarsa ba. Ita kanta Abuja ta asali, wadda ake kira Suleja tun bayan da aka ɗauki sunanta aka ba sabon babban birni, Haɓen Zazzau ne masu dawaki suka kafa ta cikin 1828 a ƙarƙashin Abu Ja. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya raya holo a ƙasarsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Cikin Disamba 1924 ba wanda zai yi tsammani, amma cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Har waƙa an yi wa doki. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya yi wa wani dokin sukuwa waƙar da aka sani da Dokin Iska Ɗanfilinge. Narambaɗa ya rasu fiye da shekara hamsin ke nan, dokin ya daɗe da zama ƙasa, amma har gobe ana sa waƙar ana jinjina kai. Wannan ita ce irin tunawar da aka iya a ƙasar nan, kuma ba ƙarama ba ce. Sai dai tunawa ce da ranar nasara. Makaɗi yana kallon doki ne sa'ad da yake yanka iska a fage, jama'a na sowa. Sa'ad da haƙora suka zube, haƙarƙari ya fito, babu kalangu a wurin.

Turawa ma ba da tausayi suka soma ba, abin kunya ne ya farkar da su. Cikin 1978 wani doki mai suna Exceller ya tsere wa zakarun Amurka guda biyu, Seattle Slew da Affirmed, a tsere ɗaya. Cikin 1997 aka yanka shi a mahauta a ƙasar Suwidin. Wani kuma, Ferdinand, ya ci tseren Kentucky Derby na 1986, wanda ya fi kowane tsere suna a Amurka, aka zaɓe shi gwarzon doki na 1987, ya ciyo wa masu shi fiye da dala miliyan uku da rabi. Cikin 1994 aka sayar da shi Japan don barbara. Da 'ya'yansa ba su yi abin kirki a fage ba sai ya yi ta sauya hannu, har labarinsa ya ɓace. Cikin 2003 mujallar The Blood-Horse ta bi sawu ta ba da labarin cewa dukan alamu sun nuna a mahauta ya ƙare cikin 2002.

A shekarar da labarin nan ya fito ne wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, wanda ya yi aikin sharhin finafinai a jaridar Boston Globe, ya kafa gidan hutun dawaki mai suna Old Friends, watau tsofaffin aminai, a Jihar Kentucky. Ya soma da 'yan ƙalilan, daga baya suka haura 200. Ba a hawansu, ba a tsere da su, ba a barbara. Kiwo suke yi a fili, baƙi na zuwa su ba su karas su ba da gudummawa. An komo da zakarun Kentucky Derby har uku daga Japan zuwa can. Silver Charm, wanda ya ci na 1997, ya iso cikin 2014. War Emblem, na 2002, ya iso cikin 2015 ya mutu a gidan cikin 2020. Charismatic, na 1999, bai daɗe ba, ya iso ƙarshen 2016 ya mutu cikin Fabrairu 2017. Wata biyu kacal, amma dai a kan ciyawa ya mutu, cikin mutanen da suka san sunansa.

Gidan yana da maƙabarta, kowane doki da alama mai ɗauke da sunansa. Kowace shekara, ƙarshen watan Mayu, akan taru a ambaci waɗanda suka mutu cikin shekarar, zakara da wanda bai taɓa cin ko kwabo ba duk ɗaya. A al'adar masu tsere na can, kai da zuciya da kofato kaɗai akan binne, sai babban gwarzo irin Secretariat, wanda ya mutu cikin 1989, ake binnewa ɗungum. A Ingila kuwa, Red Rum, wanda ya ci tseren Grand National sau uku, 1973 da 1974 da 1977, ya rayu har shekara 30, da ya mutu cikin 1995 aka binne shi daidai wurin da ake kammala tsere a filin Aintree.

Wani zai ce ƙasar da mutane ke neman na tuwo ina ta ga kabarin doki? Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma ba wanda ke cewa a taɓa kuɗin gwamnati, ko a yi ta gine-gine a kan mushe. Amma wanda ya iya sayo doki daga Ajantina ya kawo shi ta jirgi ba zai ce buhun dusa ya fi ƙarfinsa ba. Mutanen Ikko ma suna da abin lura a gabansu. Tsohon filin sukuwar birnin shi ne aka mayar Dandalin Tafawa Balewa cikin 1972, aka kafa gumakan fararen dawaki huɗu a kan ƙofa, suna nan sun yi tsalle har yau. Dawakin siminti sun sami wurin zama na dindindin, su da ba su cin harawa.

Abin da ya ceci Silver Charm ba tausayin wani baƙo ba ne. Masu shi ne, sa'ad da za su sayar da shi Japan, suka sa sharaɗi a takarda cewa in ya gama aiki suna da ikon fanso shi. Wannan sharaɗi ba ya bukatar doka daga Majalisa, ƙungiyoyin holo da na sukuwa na Abuja da Kaduna da Kano da Katsina suna iya ɗora wa 'ya'yansu shi. Suna kuma iya buɗe littafi, a rubuta sunan kowane dokin da ya shiga gasa, da mai shi, da wanda ya saye shi bayan nan, da ranar mutuwarsa, a ware wani abu kaɗan daga kuɗin shiga gasa don ciyar da waɗanda suka gaza. Fili kuwa ba shi ne matsala ba a ƙauyukan da ke kewaye da Abuja.

Hidimar kanta tsofaffin 'yan barga sun san ta sarai. Tsohon doki haƙoransa sun cinye, ba ya iya tauna busasshiyar dawa, sai an jiƙa masa dusa an sassaƙa harawa ƙanana. A yanke masa kofato bayan kowane mako shida zuwa takwas, a ba shi maganin tsutsa, a yi masa rumfa saboda rana da ruwan damina, a raba shi da ingarmu matasa masu cizo. Hausawa na cewa tsohon doki mai sane, kuma masu koyar da hawa sun tabbatar da haka: yaron da za a fara ɗorawa a sirdi, a kan irin wannan dokin ake ɗora shi, don ba ya firgita, ba ya kuma yar da kowa.