Matasan da ke jifa da gudun iska a wasan kurket, da damar da ke jiran Maiduguri

A ranar 28 ga Janairun 2024, a filin wasa na Gabba da ke birnin Brisbane, wani saurayi mai suna Shamar Joseph ya fitar da 'yan wasan Ostireliya bakwai shi kaɗai, alhali yana ɗingishi saboda raunin da ya ji a yatsan ƙafa. Da wannan bajinta ƙungiyar tsibiran Karebiyan ta samu nasararta ta farko a ƙasar Ostireliya tun 1997 a wasan kurket na kwana biyar. Joseph ɗan ƙauyen Baracara ne a ƙasar Gayana, ƙauyen da sai an shiga jirgin ruwa ake isa gare shi. Da lemon tsami da gwaiba ya fara koyon jifa, kuma aikin gadi yake yi kafin ya rungumi wasan gaba ɗaya.

Labarinsa ya yi kama da na yawancin matasan da ake ji da su a wannan fanni a yau. Daga ƙauyuka da yankunan da aka daɗe ana yi wa kallon bayan gari suke fitowa, kuma abin da aka kashe wajen gano su bai taka kara ya karya ba. Wannan ne ya sa batun ya shafi Maiduguri, ya kuma shafi masu tsara kasafin wasanni da na ilimi a Abuja.

Ga wanda bai saba da kurket ba, tsarin wasan mai sauƙin fahimta ne. Mai jifa yakan sheƙo a guje ya wurga ƙwallo mai tauri, wadda nauyinta ya kai kimanin giram 160, zuwa ga turaku uku da aka kafa a nisan yadi 22. Mai riƙe da sanda yana tsaye gaban turakun yana kare su, yana kuma neman maki ta hanyar dukan ƙwallon. Idan aka bugi turakun, ko aka cafe ƙwallon da ya daka kafin ta taɓa ƙasa, ya fita ke nan. Masu jifa iri biyu ne: masu murza ƙwallo a hankali, da masu jifa da ƙarfi. Ƙwallon da aka jefa da gudun kilomita 150 a awa ɗaya ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso ga mai sanda. Jifa mafi sauri da aka taɓa aunawa shi ne na Shoaib Akhtar na Pakistan, kilomita 161.3 a awa ɗaya, a gasar cin kofin duniya ta 2003.

Cikin matasan wannan zamani, Kwena Maphaka na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a 2006, yana sahun gaba. Mabahagon mai jifa ne da ya fitar da mutum 21 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a 2024, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A Janairun 2025 ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa buga wa ƙasarsa wasan kwana biyar. Shi dai ya tashi ne a makaranta mai kayan aiki a Johannesburg, amma sauran takwarorinsa ba haka hanyarsu ta kasance ba.

Nahid Rana na Bangaladash, haifaffen 2002 daga gundumar Chapainawabganj da ke kan iyaka da Indiya, sai da ya kusa cika shekara 18 kafin ya fara riƙe ƙwallon kurket ta gaske. A 2024 aka auna jifansa ya haura kilomita 150 a awa ɗaya a Rawalpindi, a jerin wasannin da ƙasarsa ta doke Pakistan a gidanta. Naseem Shah kuwa daga Lower Dir ya fito, yankin tsaunuka a arewa maso yammacin Pakistan inda sojoji suka gwabza da 'yan Taliban a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri. Yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa Pakistan wasa a 2019, kuma a Fabrairun 2020 ya fitar da mutum uku da jifa uku a jere, abin da babu mai ƙarancin shekarunsa da ya taɓa yi a wasan kwana biyar. Haka nan Afganistan, wadda 'yan wasanta na farko suka koyi kurket a sansanonin gudun hijira na Peshawar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20 a 2024, kuma mai jifanta Fazalhaq Farooqi yana cikin biyun da suka fi kowa fitar da 'yan wasa, da mutum 17.

Sirrin da ya haɗa da yawansu shi ne ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif irin na masu gyaran wutar lantarki, dabarar da ta samo asali a titunan Karachi. Ƙwallon ba ta da nauyi, don haka yaron da ke son ta yi gudu dole ya saba da wulwula hannu da sauri tun yana ƙarami. Ba ta buƙatar ciyawa ko hular kwano, kuma ba ta karya ƙashi. Daga nan sai masu neman gwanaye su shirya gwaji a fili, su zo da na'urar auna gudu, su ɗauki wanda ya fi.

Najeriya ma ta riga ta nuna cewa tana da irin wannan baiwa. A Oktoban 2021 a Legas, Peter Aho, yana ɗan shekara 18, ya fitar da 'yan wasan Saliyo shida bayan an ci maki biyar kacal a kansa, wanda a lokacin shi ne jifa mafi kyau a tarihin wasannin T20 na ƙasa da ƙasa na maza. Kafin nan, a 2020, tawagar maza ta 'yan ƙasa da shekara 19 ta halarci gasar duniya a Afirka ta Kudu a karon farko. A Nuwamban 2024 babbar tawagar ta fitar da 'yan Kwadebuwa gaba ɗaya a kan maki 7. Sannan a Janairun 2025, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan da ratar maki biyu a Maleshiya. Sai dai manyan filayen wasan suna Legas, Abuja, Benin da Kaduna, kuma tsakanin Maiduguri da Abuja akwai tafiyar sama da kilomita 800.

Kurket ba baƙo ba ne a Arewa. Yana cikin wasannin da ake yi a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wadda kuma ta koma Kwalejin Barewa a Zariya daga baya. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya shahara da son wasan tun yana ɗalibi a can. Sir Kashim Ibrahim, haifaffen Yerwa kuma Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, a wannan kwalejin ya kammala karatu a 1929 kafin ya koma Borno ya koyar. Zuriyar da ta kafa aikin gwamnati a Arewa ta san sanda da turaku, sai dai wasan ya dushe a makarantun gwamnati yayin da ƙwallon ƙafa ta mamaye ko'ina.

Maiduguri a yau birni ne mai cike da yara. Shekarun rikici sun kwararo da jama'a daga ƙananan hukumomi, ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta ƙara wa birnin nauyi, gwamnatin Jihar Borno kuma ta gina manyan makarantu don marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Waɗannan makarantu suna da harabar da ta isa. Abin da ake buƙata da farko shi ne daɓen siminti mai tsawon yadi 22, raga, ƙwallayen tanis, da malamin motsa jiki da aka horar. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana nufin a yi atisaye da sanyin safiya ko bayan la'asar, kamar yadda 'yan ƙwallon ƙafa ke yi.

Akwai kuma hattara da ya wajaba a yi. Jifa da ƙarfi yana ɗora wa gadon baya da ƙafar gaba nauyi mai yawa, kuma tsagewar ƙashin baya ita ce cutar matasan masu wannan sana'a. Mayank Yadav na Indiya, wanda aka auna jifansa a kan kilomita 156.7 a 2024, ya shafe watanni yana jinya tun daga lokacin. Shi ya sa ƙasashen da suka ci gaba a wasan suke ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a rana gwargwadon shekarunsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lura, don kada ya karye.

Hukumomin da abin ya rataya a wuyansu sanannu ne. Tun Oktoban 2024 harkar wasanni ta koma hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, wadda hedikwatarta ke Maiduguri, tana gina makarantu a jihohi shida na yankin, ita kuma Hukumar Ilimin Bai Ɗaya tana raba wa jihohi kuɗin tallafin makarantun firamare da ƙananan sakandare. Hukumar Kurket ta Najeriya, ƙarƙashin Uyi Akpata, ta riga ta mayar da hankali ga yaran makaranta. Kurket zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karon farko tun 1900, kuma hakan zai ja kuɗi da hankali zuwa ga wasan. Duk jami'in da ke duba tsarin ginin wata sabuwar makaranta a Borno yana da ikon tambayar ko an ware wurin daɓe guda a harabarta, domin yaron da zai wakilci Najeriya nan da shekara goma yana aji huɗu na firamare a yanzu.