Rumbun Manhaja: Rassansa Da Ƙofarsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kontagora ya san rumbu. Manomin Tungan Magajiya ba ya barin kowa ya zura hannu cikin dawarsa, amma kuma ba ya hana maƙwabci iri. To, masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da nasu rumbun, watau wurin da suke tara umarnin da suka rubuta wa na'ura. In suka bar shi a buɗe, suka kuma rubuta izini kowa ya kwafa ya gyara, shi ake ce wa buɗaɗɗiyar manhaja.

Magatakardan wannan rumbu wata manhaja ce, sunanta Git. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan, shi ya ƙaga ta a 2005. Aikinta rubuta kowane gyara, da wanda ya yi shi, da ranar da ya yi. A 2008 aka buɗe GitHub, inda ake ajiye irin waɗannan rumbuna a intanet, kamfanin Microsoft kuwa ya saye shi a 2018. Kada mu zaci abin na Turawa ne kaɗai. A 2022 masana daga Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu suka fitar da NaijaSenti, tarin gajerun saƙonnin Twitter cikin Hausa da wasu harsunan Nijeriya, suka ajiye shi a GitHub domin masu koya wa kwamfuta harsunanmu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in mutum goma suka hau takarda guda da alƙalami, sai ɓarna. Saboda haka aka yi dabarar rassa. Akwai babban reshe, shi ne aikin da aka tabbatar da kyansa. Mai son gyara sai ya tsaga nasa reshen, ya yi gwaje-gwajensa a can. In ya gama, ya roƙa a haɗa nasa da babban. Mai rumbu yana da ikon ɗaure babban reshe da sharuɗɗa: kada kowa ya rubuta cikinsa kai tsaye, kada a haɗa wani gyara sai wani dabam ya duba ya yarda, kada kuma a share reshen ko a sake tarihinsa. Mu da ke koyon malanta mun san wannan, gama ba a shiga aji da shirin darasi sai malami ya sa hannu.

Sai maganar ƙofa. Rumbu yakan zama na fili, kowa ya gani, ko kuwa na sirri, sai wanda aka gayyata. Buɗe shi bai ba baƙo ikon rubutu a ciki ba, sai dai ya kwafa ya aiko da shawara. Amma fa ranar da aka buɗe, tarihin duka ya fito, har da abin da aka rubuta bara aka goge. A 2022 kamfanin Toyota na Japan ya ba da sanarwa cewa wani mabuɗin sirri ya yi kusan shekara 5 a fili cikin GitHub, har bayanan masu mota wajen 296,000 suka shiga haɗari.

Rufewa ma tana da nata hatsari. A wannan shekara ta 2022 mai manhajar HTTPie ya mai da rumbunsa na sirri bisa kuskure, nan take taurari 54,000 da jama'a suka ba shi don yabo suka ɓace. Har wa yau, wanda ya riga ya kwafi rumbu tun yana buɗe, rufewa ba ta ƙwace kwafin daga hannunsa. Magana zarar bunu ce.

'Yan'uwa, gobe waninmu zai riƙe ƙungiyar kwamfuta a makarantarsa. Ya fara da rumbun sirri, ya ɗaure babban reshe, ya bi tarihin tun daga farko kafin ya buɗe. In ya tarar da kalmar sirri a ciki, goge ta bai isa ba, tilas ya sake sabuwa. Sunayen yara da sakamakon jarrabawarsu kuwa amana ce, kada su shiga rumbun ko kaɗan. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.