Tafiya da keke a gaɓar Canal du Midi, hanyar da dawaki suka bari

A wajenmu keke abin neman abinci ne. Shi ke kai yaro makaranta, shi ke ɗauko buhun hatsi daga ƙauye ranar kasuwa, kuma da zarar mai shi ya samu hali sai ya jingine shi ya sayi babur. Saboda haka mai karatu zai iya yin mamaki idan ya ji cewa a Faransa akwai magidanta masu mota waɗanda ke rufe ta a gida, su ɗaure kaya a bayan keke, su da matansu da ƴaƴansu, su yi kwana biyar ko mako guda suna bin ƙauyuka, ba don komai ba sai don ganin ƙasa. Al'adar ta daɗe. Wani mutumin Saint-Étienne mai suna Paul de Vivie, wanda ya rasu a 1930, shi ya fara yayata ta, sa'an nan ta bazu cikin talakawa a 1936, shekarar da doka ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu tare da albashi. Daga cikin hanyoyin da masu wannan yawo suka fi so akwai ta gaɓar Canal du Midi, a kudancin ƙasar, yankin Tulus da Monfeliye inda iyalai da dama a cikinmu ke da ɗa ko ƙane mai karatu.

Kanal ɗin kogi ne na haƙa, tsawonsa kilomita 240, kusan nisan Maraɗi zuwa Damagaram. Ya tashi daga Tulus ya faɗa tafkin Thau, a bakin Bahar Rum. Wanda ya haƙa shi, Pierre-Paul Riquet, bai karanci aikin gini ba: mai karɓar harajin gishiri ne, haifaffen Beziye. A 1662 ya rubuta wa Colbert, babban wazirin Sarki Luwi na 14, cewa ana iya haɗa kogin Garonne, mai zuba cikin tekun Atilantika, da Bahar Rum, domin kaya su daina kewaya Sifaniya ta mashigin Jibraltar inda ƴan fashin teku ke tsare hanya. Sarki ya sa hannu a 1666, aka buɗe kanal a watan Mayun 1681.

Tunanin haɗa tekunan biyu ya riga Riquet da daɗewa. Abin da ya kayar da na gabansa shi ne ruwa. Tsakanin Tulus da teku akwai tudu, a wani wuri da ake kira Naurouze, mai tsayin mita 189 bisa teku, kuma ruwa ba ya hawan tudu. Jirgi kuwa yana hawa ne ta cikin ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya, waɗanda Faransawa ke kira ekluz: jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a cika ɗakin har ruwansa ya daidaita da na sama, sa'an nan a buɗe ta gaba. To duk jirgin da ya haye tudun, ruwa cikin ɗaki guda ya gangara gabas, wani cikin ɗakin ya gangara yamma. Idan babu mai zuba sabon ruwa a ƙololuwa, kanal zai ƙafe daga tsakiyarsa. Riquet ya san Baƙin Dutse, wato Montagne Noire, kamar tafin hannunsa. Ya tattaro ƙoramunsa cikin ƴar magudana mai bin gefen tsauni, ya gina madatsar Saint-Ferréol don ajiye ruwan damina saboda rani, ya jawo shi duka zuwa Naurouze. Har yau mai keke yana iya tsayawa a wurin ya ga inda ruwa ɗaya ke rabuwa biyu, rabi ya nufi Atilantika, rabi ya nufi Bahar Rum.

Ma'aikata sun kai wajen 12,000 a lokacin da aiki ya fi ƙarfi, da magirbi da shebur da kwando, kuma da yawansu mata ne. Abin da ya kamata a ambata game da Riquet shi ne yana biyansu ladan wata, har da ranakun ruwan sama da na rashin lafiya, a zamanin da ba a san haka ba. Ya zuba dukiyarsa cikin aikin, ya rasu a Oktoban 1680 da bashi a wuyansa, saura ƴan watanni a buɗe. Magadansa sun yi shekaru kusan arba'in suna biya.

To ina keke ya shigo cikin wannan labari? Jiragen wancan zamani ba su da inji, dawaki ke jan su da igiya daga gaɓa, don haka aka shimfiɗa wa dawakin hanya a gefen ruwa tun daga farko har ƙarshe. Jirgin fasinja yakan yi kwana huɗu daga Tulus zuwa Agde. A 1857 jirgin ƙasa ya haɗa Bordo da Set, kuma shekara guda bayan haka kamfanin jirgin ƙasan ya karɓi hayar kanal ɗin, wato an ba kura ajiyar nama. Kaya suka koma kan dogo. Gwamnati ta karɓe kanal a ƙarshen ƙarni na 19, amma bai sake farfaɗowa sosai ba, har jigilar kaya ta ƙare gaba ɗaya wajen 1990. Jiragen ƴan yawon buɗe ido suka gaji ruwan, masu keke suka gaji hanyar dawaki. A 1996 UNESCO ta sa kanal cikin kayan tarihin duniya.

Alherin hanyar dawaki ga mai keke shi ne ba ta da hawa. Daga Tulus zuwa Naurouze, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, abin da ake hawa bai kai mita 60 ba, kuma a kowace ekluz ne ake ɗan taka shi. Babu mota, babu ƙura, kuma ba a ɓata, tunda ruwa na gefenka. Wannan kashi na farko an zuba masa kwalta, yaro ɗan shekara takwas yana iya bin sa. Dama da hagu gonakin Lauragais ne, alkama da furen rana har iyakar gani, da ƙauyuka masu jan bulo a bisa tuddai. Garin farko bayan tudun shi ne Castelnaudary, mai babban tafkin da jiragen hatsi ke lodi a da. Garin ya shahara da wani dafa-dukan farin wake da ake kira kasule, kuma duk mai masauki zai yi maka tayinsa. Mai karatu ya sani cewa da naman alade ake yin sa, ko da an ce masa na agwagwa ne.

Daga nan ne ya kamata a faɗi gaskiyar da takardun talla ba su cika faɗi ba. Kanal ɗin ya ratsa larduna uku, Haute-Garonne da Aude da Hérault, kuma kowane lardi da yadda ya kula da gaɓarsa. A wurare da dama bayan Naurouze hanyar ta turɓaya ce, wani lokaci faɗinta bai wuce na akuya ba, saiwoyi sun fito sun ratsa ta, kuma idan aka yi ruwa sai ta zama taɓo mai liƙe wa taya. An yi ta gyara a ƴan shekarun nan, amma wanda zai tafi da ƙananan yara ko da keken tsere mai siririyar taya ya tambayi halin kowane yanki kafin ya tashi. A ganina, iyali mai ƙananan yara gara ya juya yamma, ya bi Canal de Garonne, wanda aka buɗe a 1856. Tsawonsa kilomita 193 daga Tulus zuwa kusa da Bordo, gaɓarsa kusan duka kwalta ce, kuma a Agen kanal ɗin da kansa yana tsallake kogin Garonne bisa gada mai baka 23, tsawon mita 539. Bai kai ɗan'uwansa suna ba, amma ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Babban abin baƙin ciki a wannan hanya shi ne bishiyoyi. Duk hoton Canal du Midi da aka sani, hoton layi biyu ne na manyan bishiyoyin platan da rassansu suka haɗe bisa ruwa kamar rumfa, irin yadda maɗaci ke rufe tsofaffin titunan wasu biranenmu. Yawancinsu an dasa su ne a ƙarni na 19, sun kai 42,000. Inuwarsu na rage ƙafewar ruwa da rani, saiwoyinsu na riƙe gaɓa kada ta zube. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu kusa da Karkason, ƙwayar naman gwari ce da ke shiga ta rauni ta toshe jijiyoyin bishiya, ta kashe ta cikin ƴan shekaru. Asalinta daga Amurka ne, kuma ana danganta shigowarta Faransa da akwatunan katako na sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. A kanal ta samu abin hawa: ruwa yana ɗaukar ta, kuma jirgin da ya gogi saiwar mai cuta, ko aka ɗaure igiyarsa a jikinta, sai ya kai wa mai lafiya. Ba ta da magani. Abin da hukumar hanyoyin ruwa ta Faransa, VNF, ke yi shi ne sare bishiyar a ƙone ta nan take. Fiye da rabin platan ɗin sun tafi. Ana dasa wasu iri daban daban a gurbinsu, domin kada cuta ɗaya ta sake share layi duka, kuma tun 2013 hukumar ke karɓar gudummawar jama'a don wannan aiki. Amma bishiyar da aka dasa bana ba ta yi wa matafiyin bana inuwa. Akwai kilomitoci masu yawa, musamman tsakanin Karkason da Beziye, inda mai keke zai tafi cikin rana tsirara tsakanin kututture da dashe.

Wannan ya sa zaɓen lokaci ya zama wajibi. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, gara Mayu ko Yuni ko Satumba. Ruwan kanal ba na sha ba ne, ba na wanka ba, sai a cika gora a kowane ƙauye. Iskar da ta fi kaɗawa daga yamma take zuwa, shi ya sa aka fi tashi daga Tulus a nufi teku, ko da yake idan iskar gabas da suke kira otan ta taso, ranar sai haƙuri. Mai tafiyar kilomita 50 a yini zai gama cikin kwana biyar. Wanda ya gaji kuwa, jirgin ƙasan nan da ya kashe kanal shi ne mai cetonsa: yana tsayawa a Castelnaudary da Karkason da Beziye da Agde, kuma jiragen yanki suna ɗaukar keke.

Kashi na ƙarshe shi ne mafi cika da abin kallo. Daga Argens ana yin kilomita 54 ba ekluz ko ɗaya, kanal yana lanƙwasa yana bin gefen tudu cikin gonakin inabi. A Malpas ya huda dutse ya shige, ramin mita 165 da aka haƙa a 1679, na farkon irinsa a Turai. A ƙofar Beziye, garin Riquet, ga matakalar Fonseranes, ɗakunan ruwa takwas jere da juna waɗanda a da suke saukar da jirgi mita 21, inda mutane ke tsayawa awa guda suna kallon jirgi ɗaya. Bayan ekluz mai siffar da'ira ta Agde bishiyoyi sukan ƙare, ƙasa ta buɗe, a fara jin ƙanshin gishiri. Kanal yana ƙarewa ne a gindin wata ƴar hasumiyar fitila a Onglous, inda jiragen da suke ratsa tafkin Thau su isa tashar Set, wadda aka aza harsashinta a 1666. Mai keke kuma sai ya bi siririn tudun rairayi, tafki a hagunsa, Bahar Rum a damansa, har cikin gari.