Ruwan Gishiri da Sukari Ba a Haɗa Shi da Ka

Ka ɗauki lomar burodi ka yi ta taunawa ba ka haɗiye ba, can za ka ji ɗan zaƙi ya ƙaru a bakinka. Sitacin da ke cikin tuwo, shinkafa, doya da rogo ƙwayoyin sukari ne a jere kamar carbi, yawu kuma na ɗauke da wani sinadari mai suna amiles da ke tsinka wannan carbi. A ƙaramin hanji aikin ke ƙarasuwa, inda sitacin ke komawa gulukos, irin sukarin da jini ke karɓa.

To, ta ina gulukos ke bi ya shiga jini? A bangon hanji akwai wasu 'yan ƙofofi da ba sa buɗewa sai ya zo tare da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Idan suka shiga tare, sai ruwa ya bi bayansu. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, shi ya bayyana haka a 1960. Daga baya likitoci suka gano cewa ko kwalara, duk da yadda take tsiyaye mutum, ba ta rufe wannan ƙofa.

An ga amfanin abin a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash. Kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gulukos da gishiri a manyan mazubai, dangi na ba majinyatansu a kofi. Inda a da kusan mutum 30 cikin 100 ke mutuwa, adadin ya sauko ƙasa da 4. Wannan haɗi ne ya zama ƙullin ORS da ake sayarwa a kemis ɗin unguwarku.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Uwa ta ga ɗanta ya galabaita da gudawa, tausayi ya kama ta, ta cika sukari wai don ya ji daɗin sha, ko ta saya masa lemon kwalba. Sukarin da ya yi wa hanji yawa ba ya shiga jini. Zama yake a ciki yana janyo ruwa daga jiki zuwa hanji. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Gishiri ma idan ya zarce, yana iya sa yaro jijjiga. Saboda haka ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage ƙarfin haɗin a farkon shekarun 2000, ya koma gulukos giram 13.5 da gishiri giram 2.6 a lita ɗaya, da ɗan fotashiyam da sitiret.

Ƙullin kemis ya fi, amma a karanta jikinsa, don ba duka ake damawa a lita ɗaya ba. Idan babu, a samu tsabtataccen ruwa lita ɗaya, ledar fiya wata biyu ke nan mai rabin lita, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, ba a tule ba, da gishiri rabin cokalin. A ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gudun da ake yi zuwa kemis a sayo Flagyl ko kafso. Yawancin gudawar ƙananan yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, musamman rota, wadda waɗannan magunguna ba sa taɓawa, sai dai su kashe ƙwayoyi masu amfani da ke hanji. Najeriya ta saka rigakafin rota cikin na yau da kullum tun 2022. Abin da ya kamata ya raka ORS shi ne ƙwayar zinki, kwana 10 zuwa 14. Kuma kada a janye nono ko kunu da sunan hutar da ciki, domin sitacin kunun ma gulukos zai koma.

Iyaye mata, ku daina cewa haƙori ne zai wuce. In kun ga maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, yaro ya kasa sha, ko jini a bayan gida, ku ɗauke shi zuwa asibiti a ranar, kuna ba shi ruwan a hanya.