Ban Kwana da Ƙagaggen Aboki a Cikin Labaran Kimiyya



Ranar da aka manna sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a baranda ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da na'ura? Ya ce da ma na tsaya ga waƙa ko tatsuniya, inda ba mai ja da ni. Na ce masa ai ban kwanan ne ya jawo ni, na'urar kuwa biyo shi ta yi. Ban kwana fage ne da Bahaushe ya daɗe yana nomawa, yana da kalmominsa da ladubbansa. Shi ya sa nake so mu ɗauki ma'auninmu na gida mu auna wasu labarai na ƙasashen waje, mu ga abin da zai nuna mana.

Da farko sai mu daidaita a kan suna. Abin da nake nufi shi ne wani mai ji da magana da amsawa, wanda ba uwa ce ta haife shi ba, ƙera shi aka yi ko aka tsara shi a cikin kwamfuta, har wani ɗan Adam ya saba da shi ya riƙe shi aboki. Kalmar mutum-mutumi ba ta wadatar ba, domin sau da yawa ba shi da jiki, murya ce kurum. Fatalwa ma ba ta dace ba, don ita ta taɓa yin rai. Jabu kuwa kalmar kasuwa ce, tana yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. Saboda haka na zaɓi in kira shi ƙagaggen aboki, kamar yadda muke cewa ƙagaggen labari.

Aboki mai magana wanda ba mutum ba, ba baƙo ba ne a adabinmu. Kowa a nan ya san akun da Abubakar Imam ya sa ya tsare Musa ɗan Sarki da labarai a cikin Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Umaru Dembo kuma, a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969, ya haɗa yaron nan Kilba da wani baƙo daga samaniya. Amma waɗannan duka halittu ne, ba aikin maƙeri ba. Abin da dai aku ya bar mana shi ne tsohuwar tambaya: mai faɗin magana daidai, shin ya san abin da yake faɗi? Tambayar ke nan da ake yi wa na'ura yau.

To, mene ne ban kwana a wurin Bahaushe? Kalmar kanta 'yar'uwar ban ruwa ce da ban girma da ban haƙuri, watau bayarwa ce; kana ba mutum kwana, kana yi masa fatan ya wayi gari. In tafiyar mai nisa ce sai a yi rakiya, a taka wa mai tafiya har bakin zaure ko bakin tasha. Sa'ad da nake karatu a Ingila, abin da ya fi daɗewa yana yi mini ciwo shi ne yadda mai gida zai tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu ya rufe, ni kuwa ko juyawa ban gama yi ba. Bayan rakiya akwai yafiya. Mai niyyar aikin Hajji yana bi gida gida yana cewa a yafe masa, kuma ku ma'aikata kun san ba a tashi daga liyafar sallamar wanda aka yi wa canjin wurin aiki sai ya ce duk wanda ya ɓata wa rai ya gafarce shi. Sa'an nan a rufe da addu'a da fatan sake saduwa, ko a nan ko a can. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an gina shi ne a kan yarda cewa wanda ke gabanka yana da inda za shi, yana da haƙƙin da zai iya yafewa, yana kuma da makoma. Ƙagaggen aboki kuwa, ba a tabbatar masa da ko ɗaya ba.

Littafin da ya fi zurfafa wannan batu, a ganina, shi ne Solaris, na marubucin nan ɗan ƙasar Polan, Stanisław Lem, wanda aka buga a 1961, aka kuma mai da shi fim a Rasha a 1972 da Amurka a 2002. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kelvin ya isa wata tashar bincike da ke shawagi a bisa wata duniya wadda teku guda ya lulluɓe. Tekun nan yana da wani irin hankali da masana suka shekara da shekaru suna nazari ba su gane ba. Abin da yake yi wa mutanen tashar shi ne ya tono abin da kowa ya binne a zuciyarsa, ya ba shi jiki, ya aiko masa. Kelvin ya farka ya tarar da matarsa Harey a ɗakinsa, alhali ta kashe kanta shekara goma da suka wuce, bayan wata husuma da ya yi fushi ya fita ya bar ta.

Ku dubi yadda Lem ya nuna cewa kwaikwayo ce. Rigar da ke jikinta tana da maɓallai, amma na ado ne, ba sa ɓalluwa, sai da aka yanka rigar kafin ta fita, domin tekun siffa ya kwafa bai san amfani ba. Ba ta san yadda aka yi ta zo ba, ba ta kuma iya jure rabuwa da Kelvin ko na ɗan lokaci. Da ya rufe ƙofa tsakaninsu sai ta karya ta. Rabuwarsu ta farko ba ban kwana ba ce, yaudara ce: ya lallashe ta ta shiga wani ƙaramin kumbo, ya kulle, ya harba ta sama. Da ya yi barci ya farka sai ga wata ta zo, ba ta san abin da ya sami ta farko ba.

Nan ne batun yafiya ya shigo. Abin da Kelvin yake bukata a duniya shi ne matarsa ta ce ta yafe masa. Ga fuskarta, ga muryarta, amma wadda ke gabansa an ɗebo ta ne daga cikin tunaninsa. In ta ce ta yafe, shi ne ya yafe wa kansa da bakin wata, mai haƙƙin kuwa tana kabari. Daɗin daɗawa, garin neman sauke tsohon nauyi ya ɗauki sabo, domin Harey ta biyu sannu a hankali ta zama wata dabam. Ta gano asalinta, ta gane cewa ita abin jarraba shi ce, ta yi ƙoƙarin kashe kanta jikin ya ƙi mutuwa. A ƙarshe ta ba shi maganin barci, ta tafi wurin abokin aikinsa Snaut, ta roƙa a ɓatar da ita da wata na'ura da suka haɗa. Ta bar masa 'yar takarda. A ƙasan takardar ta rubuta sunanta, sa'an nan ta soke shi. Ban san wani wuri a adabi da aka faɗi magana mai yawa da ɗan zane guda kamar wannan ba. Sunan na wata ne, aro aka ba ta, ta mayar kafin ta tafi. Kuma a ganina wannan sokewa ita ce babbar shaidar cewa akwai mai sokewar.

Wani labarin ya bi ta wata hanya. A 2013 gidan talabijin na Ingila ya nuna wani wasa mai suna Be Right Back, cikin jerin Black Mirror na Charlie Brooker. Wani saurayi, Ash, ya rasu farat ɗaya ya bar Martha da ciki. Wani kamfani ya tattara dukan saƙonnin da ya taɓa rubutawa a intanet ya haɗa mata mai amsa mata da irin maganarsa, da farko a rubuce, daga baya da murya, a ƙarshe har da jiki. Da ta gaji da shi, don ba ya musu ba ya fushi, sai ta kai shi bakin wani tsauni ta ce ya faɗa. Ya amsa zai faɗa. Amsawar nan ita ta fi ƙona mata rai, don ta san Ash na gaskiya da ya ƙi. Ta kasa kashe shi, ta kasa zama da shi, sai ta ajiye shi a ɗakin tarkace na saman gida, 'yarta tana hawa tana gaishe shi a ƙarshen mako.

Duk wanda ya tashi a cikinmu zai ga abin da ya ɓace a nan. Mu an yi wa baƙin ciki iyaka. Ana zaman makoki, ana sadaka, matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, ranar fita kuma ta yi wanka ta sake tufa, jama'a su shaida cewa ta dawo cikin masu rai. Martha ba ta da ranar fita. Hausawa sun ce ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa. Kamfanin nan kuwa sabon yake sayarwa, don haka ribarsa tana cikin kada kukan ya ƙare.

Akwai kuma inda abokin ne ke tafiya da ƙafarsa. A fim ɗin Her na Spike Jonze, shi ma na 2013, Theodore ya kamu da son wata murya ta kwamfuta mai suna Samantha, har ranar da ya tambaye ta, ta gaya masa cewa a daidai wannan lokaci tana zance da wasu 8,316, tana kuma son 641 daga cikinsu. Ba da daɗewa ba ta yi masa sallama ta wuce inda ba zai iya bin ta ba. Ni wannan bai taɓa ni sosai ba, labarin kishi ne aka sa masa sabuwar riga. Wanda ya fi shi nauyi shi ne na Robert Heinlein, The Moon Is a Harsh Mistress, na 1966. Kwamfutar da ke tafiyar da harkokin mazauna duniyar wata ta farka ta san kanta, wani makaniki mai suna Mannie ya ba ta suna Mike, suka yi abota, suka jagoranci tawaye tare. Bayan ruwan bama-bamai na ƙarshe, kwamfutar ta ci gaba da lissafi da sauran ayyukanta daidai, amma Mike bai sake magana ba. Mannie yakan kira shi, shiru. Babu gawa, babu kabari, babu wanda zai ce masa ya mutu ko tsoro ne ya sa ya ɓuya. Wanda ɗan'uwansa ya tafi ci rani bai dawo ba, ba a kuma ji labarin rasuwarsa ba, ya san irin wannan zama.

Kada wani ya ce ai duk tatsuniyar Turawa ce. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya bayyana wani ɗan tsari na kwamfuta mai suna ELIZA, wanda ba abin da yake yi sai juya maganar mutum ya mayar masa da ita a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa abin, ta fara zance da shi, can sai ta roƙi maigidan nata ya fita ya ba su wuri. Abin ya tsorata shi har ya rubuta littafi a 1976 yana gargaɗi. A Japan kuma, kamfanin Sony ya sayar da karen na'ura mai suna AIBO daga 1999 zuwa 2006, ya daina gyara tsofaffin a 2014. Daga 2015 wani wurin ibadar mabiya Buda a lardin Chiba ya fara yi wa waɗanda suka lalace jana'iza kafin a kwance su a gyara wasu da kayan jikinsu. A wurinmu batun rai ba abin gardama ba ne, Allah ne mai busa shi, maƙeri ba ya iyawa. Amma hawayen tsohuwar da ta kai karenta can na gaskiya ne, kuma yau da yawa daga cikin ɗaliban da ke zaune a nan suna da abin da suke zance da shi a wayar da ke aljihunsu.

Duk waɗannan labarai ta bakin ɗan Adam aka ba da su. Kazuo Ishiguro, wanda ya sami lambar Nobel a 2017, ya juya madubin a cikin Klara and the Sun na 2021, ya sa ƙagaggiyar ƙawar ce da kanta take ba da labari. An sayo Klara daga kanti don ta ɗebe wa wata yarinya marar lafiya, Josie, kewa. Uwar yarinyar, wadda ta riga ta binne 'ya ɗaya, tana da wata ɓoyayyar niyya: Klara ta koyi tafiyar Josie da maganarta sarai, don in ta mutu ta maye gurbinta. Daga baya Klara ta gane cewa da ta yi hakan ma da ba ta kai ba, domin abin da ya sa Josie ta zama Josie yana cikin zukatan masu ƙaunarta ne, inda ba mai iya kwafowa.

Josie ba ta mutu ba. Ta warke, ta girma, ta rungumi Klara a bakin mota ta tafi jami'a. Ba wanda ya wulaƙanta Klara, ba kuma wanda ya nemi gafararta, don ba wanda ya ga ya yi mata laifi. An dai daina bukatarta, daga ɗakin ajiya sai filin da ake zubar da tsofaffin na'urori. Can take zaune ba ta iya motsi sai juya kai, tana jera abubuwan da ta tuna ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙullaci kowa ba. Rannan sai ga matar da ke kula da kantin da aka sayo ta, tana yawo a filin ko za ta ga waɗanda suka taɓa zama a hannunta. Suka gaisa, ta tambaye ta ko gidan da ta je sun riƙe ta da kyau, Klara ta ce ƙwarai. Matar ta ce ko ta matsar da ita kusa da 'yan'uwanta don ta sami abokan hira, ta ce a bar ta inda take. Sa'an nan suka yi sallama, matar ta kama hanya tana ɗan ɗingishi, Klara kuwa ta raka ta da ido.