Katin telebijin na na'ura mai ƙwaƙwalwa: a duba kafin a biya

Cikin kayan hannu na biyu da ke shigowa kasuwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram daga Turai, akwai katunan da ke maida na'ura mai ƙwaƙwalwa akwatin telebijin. Wasu a cikin na'urar ake soka su, wasu a kafar USB. Sau da yawa mai saye ya kai kati gida, ya ɗaura eriya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Washegari sai rigima da ɗan kasuwa, alhali kuwa katin lafiyarsa lau.

Abu na farko da ke kawo haka shi ne bambancin tsarin watsa hoto. A shekarar 2006, a birnin Janeba, ƙasashen Afirka da na Turai sunka amince su bar tsohon tsari su koma ga na zamani, wato TNT, anka tsaida wa'adi ranar 17 ga watan Yuni 2015. Amma kowane yanki da nashi zaɓi. Faransa ta buɗe TNT a 2005 bisa tsarin DVB-T. Ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar, sunka ɗauki na baya-baya, DVB-T2. Katin da anka ƙera don DVB-T kaɗai ba ya kama DVB-T2, haka ma na Amurka mai tsarin ATSC. Wannan ba ya gyaruwa, domin a ƙirar katin yake.

Na biyu shi ne ƴar manhajar da Faransawa ke kira pilote, wadda ke tafinta tsakanin kati da Windows. In babu ta, ko kuma ba ta dace ba, alama mai ruwan ɗorawa za ta fito gaban sunan katin cikin Gestionnaire de périphériques. A nan ne kuma ake karanta lambar shaidar katin, kuma da ita ya kamata a nemi pilote, domin kwali iri ɗaya kan zo da kayan ciki daban-daban. Pilote na Windows mai 32 ba ya aiki a kan mai 64. Ban da haka, tun fitowar Windows 10 a 2015 kamfanin Microsoft ya cire Media Center, sai a nemi wata manhajar kallo kamar VLC.

Na uku shi ne mazauni: tsohon kati mai ƙafar PCI ba ya shiga ramin PCI Express na sababbin na'urori. In duk waɗannan sun daidaita amma hoto na daskarewa, sai a duba eriya da wayarta.

Saboda haka ɗan kasuwa ya tabbata an rubuta DVB-T2 a jikin kwali kafin ya saro kaya, ma'aikacin da ya tara albashinsa kuma ya nemi a gwada masa kati a shago. Sayen kifi a ruwa ba ya amfanin kowa daga cikinsu.